Yadda Za Ka Mayar da Na'ura Mai Koyo Daƙiƙiya

Kai ɗan'uwana ma'aikaci, ko a Sharaɗa kake, ko Bompai, ko nan Challawa wajenmu, gyara zama. Idan wata rana ka shiga aiki ka tarar an ajiye wani akwati mai wayoyi a kan teburinku, aka ce wai yana koyon aiki da kansa, kada cikinka ya ɗuri ruwa. Ina da magani. Ka bi matakan nan takwas ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari akwatin zai bar kamfaninku a bayan mota, ku kuma kuna nan daram. Ni Lawan na Panshekara na gwada su duka a shekarar 1986, a ɗakin tantance fata na wani kamfanin jima, ga ni kuma da raina ina ba ka labari.

Amma ka fara sanin abin da muka tashi karewa. A shekarar ana ta sallamar ma'aikata, kusan kowace Juma'a sai ka ji an liƙa sunaye a ƙofar wani kamfani. Mu aikinmu raba fatun awaki gida biyu: fatar jirgi, wadda za a jeme a kai Turai, da fatar gida, wadda za ta ƙare a hannun dukawa. Babbanmu Malam Shu'aibu, majemi ɗan majemi, shekararsa ashirin da shida a kamfanin. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, mutum sai ya yi magana yake gane shi. Mu biyar da ke ɗakin mun sani. Manaja bai sani ba, domin Malam da yatsu da hanci yake aikinsa, kuma bai taɓa tura fatar banza jirgi ba. Ranar da manaja ya sani, ko ranar da na'ura ta iya aikin, ranar Malam zai koma gida ya zauna, da baki tara da ba mai ciyar da su sai shi.

Mataki na ɗaya: Karɓe ta hannu bibbiyu

Kada ka ɓata rai. Duk wanda ya ɓata rai ranar farko, shi ake fara nema in abu ya lalace. Ka washe baki, ka taya sauke kaya, ka ma tambaya ko a kawo mata ruwa.

Tamu wata matashiya ce ta kawo ta, Injiniya Rahila, mutuniyar kudancin Zariya, ba ta daɗe da gama jami'a ba. Da hannunta ta haɗa akwatin, da kayan matattun rediyo da ta yi ta tsinta a kasuwar Sabon Gari. Manaja ya ba ta wata biyu ta nuna masa abin zai iya raba fata. Ta rusuna ta gaida Malam, sannan ta ɗora hannu a kan akwatin.

"Baba, sunanta fasaftiron."

"Wa?" in ji Malam.

Ta maimaita. Malam ya gwada sau biyu, harshensa ya ƙi. Sai ya ce, "Yau wace rana ce?"

"Asabar."

"To, sunanta Asabe."

Daga baya Rahila ta ba mu tarihin. Wai a Amurka aka fara ƙera irinta tun kafin mu sami mulkin kai, jaridu suka yi ta cika baki cewa an kusa yin na'ura mai tunani. Sai wasu malaman jami'a suka nuna akwai abubuwan da ba za ta taɓa iya koya ba, kowa ya watse ya bar ta. Ban yi mamaki ba. Duk abin da Bature ya gaji da shi, daga kwat har mota, wajenmu yake ƙarewa.

Mataki na biyu: San yadda kanta yake aiki

Jawo benci ka zauna kusa, ka yi ta gyaɗa kai kamar mai ƙishirwar ilimi. Leƙen asiri kake yi.

Asabe tana da idanu arba'in na gilashi, kowanne kamar ƙwayar gujiya, a jere ƙarƙashin murfi. Rabi suna kallon launin fata daga sama, rabi suna kallon sheƙinta daga gefe. Kowane ido yana da abin murɗawa nasa a gaban akwatin, irin na ƙara muryar rediyo. Mu kunnuwa muke ce musu. Idan aka shimfiɗa fata, duk idon da ya ga wani abu sai ya yi magana ta waya, kunnensa kuma shi ke yanke nauyin maganarsa. Wani idon maganarsa ta babban kawu ce a taron dangi, wani ta ɗan haya. Sai a tara maganganun duka. In sun kai wani mizani, koren ƙwan fitila ya kama, fatar jirgi ke nan. In ba su kai ba, ja ya kama, fatar gida. Iyakar wayonta ke nan, tarawa.

Koyarwar ma ba wuya. Rahila ta yi wa Malam bayani: "Baba, ita za ta fara faɗin nata. Ku dubi fitila, ku dubi fata. In ta yi daidai ba na taɓa komai. In ta yi kuskure sai in murɗa kunnuwan idanun da suka yi magana, su kaɗai, kaɗan-kaɗan. In kore ya kamata ta ce, in ƙara musu. In ja ne, in rage."

"In ta yi daidai fa, ba ko madalla?"

"Ba ko madalla, Baba."

Malam ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe makarantarmu ɗaya da ita. Shekara goma sha biyu na yi a gaban mahaifina a majema, bai taɓa ce mini na iya ba. In na ji shiru, na san na yi daidai. In na ji kunnena ya ɗau zafi, na san da gyara."

Ka lura da kyau, wannan shi ne hatsari na farko. Maigidan da kake son karewa zai iya fara ƙaunar abin da ya zo cin gurbinsa. Namu kafin la'asar ya fara tambaya ko Asabe ba ta gaji ba.

Mataki na uku: Koyi tari

Ka ji dai an ce "ku dubi fitila." To Malam da wane ido zai dube ta? In kuwa ka buɗe baki ka ce masa "kore ne," injiniya za ta tambaya me ya sa ake karanta wa mai ido launi.

Maganinta tari. Ka tsaya a bayan injiniya, kai ne mai miƙo fata. Tari ɗaya kore, tari biyu ja. A kamfanin jima, inda farar ƙasa da warin magani ke cika hanci tun daga ƙofa, ba wanda ke tuhumar mai tari. Malam sai ya ɗaga fuska wajen fitila, ya ƙanƙance ido kamar mai nazari, ya shafa fatar, ya ce "Ta yi daidai," ko kuma "Murɗa mata, 'yata."

Abin da ban lissafa ba shi ne fata ɗari uku muke nuna wa Asabe kowace rana, kuma fiye da rabi ja take cewa. Kafin mako ya zagayo muryata ta koma ta kwaɗo. Matata Zuwaira ta ware mini kofi na ni kaɗai, ta hana ni ɗaukar jaririnmu. A motar ma'aikata kuwa benci guda ake bar mini, abin da ban taɓa samu ba a shekara tara. Saboda haka ka tanadi citta da zuma, kuma kada ka yi wa iyali bayani, sirrin da ya shiga gida ya fita unguwa.

Mataki na huɗu: Zuga malamar ta yi zafin hannu

Yanzu an rufa asirin maigida, sai a koma kan ɗalibar. A makon farko Asabe caca kawai take yi, rabi daidai rabi kuskure. A na biyu ta fara cin hamsin da takwas cikin ɗari, ni kuma abinci ya fara fita raina.

Ka je wa injiniya da fuskar mai ba da shawara. Ni ga abin da na ce: "Injiniya, wannan lallaɓawar ta yi yawa. Wata biyu fa aka ba ki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ta yi kuskure ki murɗe kunnen da kyau, ta san an murɗa."

Ta yi ɗan tunani, ta ce bari a gwada. Abin ya yi kyau ƙwarai. Asabe ta ce wa fatar gida kore, aka murɗe ta da ƙarfi, sai ta koma ce wa kowace fata ja. Aka sake murɗewa, ta koma kore har ga wadda kare ya yaga. Haka ta wuni kamar sabon mai koyon keke, in ya kauce wa ramin dama ya faɗa na hagu. Na koma gida ranar ina fito.

Washegari Rahila ta zo da fara'arta. "Malam Lawan, na gode. Jiya ka nuna mini cewa tun farko ma hannuna ya yi nauyi. Daga yau rabin abin da nake murɗawa zan riƙa yi." Cikin kwana huɗu Asabe ta haura sittin da takwas. Kada wannan ya karya maka gwiwa, ko likita ma yakan ba da maganin da ya ƙara wa cuta ƙiba.

Mataki na biyar: Yi wa kunnuwan kaca-kaca

Duk ilimin Asabe a jikin kunnuwan nan arba'in yake. Ba ta da littafi, ba ta da allo. Inda kowane kunne ya tsaya, shi ne abin da ta sani. Ka ga ke nan aikin mako uku, minti biyu ya isa a rushe shi.

Ka jira injiniya ta fita cin shinkafa da wake a bakin ƙofa. Ka sa abokin aikin da ka yarda da shi ya tsaya gadi. Ni Ɗanladi na sa, mutumin Filato, mai dogon wuya, daga taga yana hango har rumfar mai abinci. Sannan ka bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, wannan dama, wancan hagu, yadda ranka ya so.

Rahila ta dawo tana goge hannu, ta tsaya ta dubi akwatin. "Wa ya taɓa?"

"Ɓeraye ne, Injiniya," na ce. "Sun yi yawa a ɗakin nan."

"Ɓerayen sun kyauta. Dama ina son in gwada wani abu, ina jin tsoron ɓata aikina da hannuna. A rubuce yake cewa ko daga ina kunnuwan suka fara, muddin abin da ake koya mata irin wanda za ta iya ne, sai ta isa."

Ta kuwa isa. Kwana uku Asabe ta koma inda take, a na huɗu ta wuce. Jakin kakana haka yake, ko a wace kasuwa ka sake shi, da magariba yana ƙofar gida. Ni dai na ci riba ɗaya, an kawo mana tarkon ɓera guda shida.

Mataki na shida: Yi ƙarya, amma ka zaɓi wanda za ka yi wa

Tunda na'urar ba ta san komai ba sai abin da malaminta ya gaya mata, hanya mafi sauƙi ita ce malamin ya riƙa gaya mata ba daidai ba. Na sami Malam a keɓe na ce, "Malam, ku riƙa ce mata ta yi daidai in ta yi kuskure. Sau ɗaya cikin biyar ma ya isa."

"Lawan, ni ban taɓa yi wa fata ƙarya ba," in ji shi. "Kuma yarinyar nan amana ta ba ni."

To, in maigida ya ƙi, ai tarin a maƙogwaronka yake. Na fara juya shi. Fitila ta nuna kore, in yi tari biyu. Malam ya shafa fatar gida, ya ɗauka Asabe ta ce ja, ya ce ta yi daidai. Kwana biyu ina yi, makin Asabe ya fara gangarowa, Rahila ta fara cizon biro. Wannan ne matakin da ya yi aiki a cikin duka, kuma shi ne ba na son tunawa.

Rana ta uku muna alwalar azahar a bakin famfo, Malam yana wanke ƙafa, bai ko juyo ba ya ce, "Lawan, in za ka yi tarin ƙarya sai ka ja numfashi tukuna. Na gaskiya ba ka ja."

Na bar ruwa yana ta zuba a hannuna.

"Na san don ni kake yi. Amma ido ɗaya ya rage mini a ɗakin nan, shi ne kai. In shi ma ya fara nuna mini abin da babu, ka ga na makance ke nan da gaske."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa a wace gaɓa nake a alwalar, na sake daga farko. Daga ranar ban ƙara juya tari ba.

A makon ne kuma tarin wasa ya zama na gaske. Wata safiya aka shimfiɗa fata, ƙwan fitilar ya mutu, ba kore ba ja. Daidai lokacin wani tari ya kufce mini, guda ɗaya. Malam ya ɗaga fuska, ya ƙanƙance ido, ya shafa fata, ya ce, "Ta yi daidai." Rahila ta dubi mataccen ƙwan, ta dubi Malam, ta dube ni. Sai ta buɗe jaka ta ɗauko sabon ƙwai ta ɗaura, ta ce, "Mu ci gaba, Baba." Na yi ajiyar zuciya. Ka riƙe wannan hikimar daga gare ni: 'yan boko lamba kawai suke gani, ba sa ganin mutum.

Mataki na bakwai: Naɗe hannu ka zauna

Wannan matakin ba ya bukatar komai daga gare ka, shi ya sa na fi ƙwarewa a kansa.

Da Asabe ta kai tamanin cikin ɗari sai ta tsaya cak. Yau tamanin da ɗaya, gobe saba'in da tara. Rahila ta yi ta murɗa har yatsunta suka yi kanta. In ta gyara wannan kuskuren sai wancan ya dawo. Rannan ta ware fatun da Asabe ke faɗuwa a kansu, ta baje su a ƙasa, ta zauna a tsakiya da littafinta.

"Baba, ku taimake ni. Wannan mai duhun ja ce, ba sheƙi, kun ce jirgi."

"Babbar akuya ce, a inuwa aka shanya ta."

"Wannan mai haske ce, tana sheƙi, ita ma kun ce jirgi."

"'Yar ƙarama ce, gashinta bai tsufa ba."

"Wannan ba duhu ba sheƙi, kun ce gida. Na yarda."

"Rana ta cinye ta. Tana shiga ruwan jima za ta tsattsage."

"To wannan fa? Ga duhu ga sheƙi, ta haɗa alheri biyu, kun ce gida."

Malam ya karɓa ya kai hanci. "Ita ma rana ta cinye ta, 'yata. Dillali ne ya shafe ta da man gyaɗa don ta yi kyan gani. Shinshina ki ji."

Rahila ta shinshina, ta ajiye biro, ta dafe kai. Can ta ce, a hankali, "Shi ke nan. Abin da malaman nan suka rubuta ke nan. Ita tarawa kawai ta iya. In duhu alheri ne, sheƙi alheri ne, to a wajenta duhu da sheƙi alheri biyu ne. Ko shekara zan yi ina murɗawa ba za ta gane cewa haɗuwarsu sharri ba ce."

"Ba ta taɓa shan kunun tsamiya ba ne," in ji Malam. "Kunun tsamiya daɗi, madara daɗi. Ta haɗa su ta gani."

Ya kamata in yi murna, kuma na yi, amma ba sosai ba. Yarinyar ta zauna a kan fatu, idonta ya kawo ruwa, Malam yana ba ta haƙuri kamar shi ya yi mata laifi. Ga shi tamanin cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne a idon manajan da ke neman wanda zai sallama. An sa ranar gwaji Litinin.

Mataki na takwas: Ranar gwaji, ka tsaya inda za a ji ka

Manaja ya shigo da hankici a hanci, akawu yana biye da shi. An kawo fata ɗari, kowace da lambarta. Tsarin shi ne na kullum: Asabe ta kunna fitila, Malam ya ce ya yarda ko bai yarda ba, akawu ya rubuta. Daga nan a jeme fatun duka, bayan kwana goma a ga wanda ya yi gaskiya.

Na kama wurina a bayan Rahila, na ɗan gyara murya don shiri. Kuskuren da na yi ke nan, kai kada ka yi shi. Gyaran muryar ya taso da tarin gaske, na yi ta yi har na durƙusa.

Manaja ya ja da baya. "Wannan ne mai tarin da ake faɗa? Fita waje. In an gama a kai shi a duba ƙirjinsa, kada ya shafa wa mutane."

"Ranka ya daɗe, ai ni ne mai miƙo..."

"Waje."

Na fita na manne a taga. Ina jin su sama-sama, amma ga ƙarar injinan jima a bayana, ko huhuna zan tofar Malam ba zai bambance tari ɗaya da biyu ba. Ɗanladi ya shimfiɗa fata ta farko. Ja ya kama. Malam ya ɗaga fuska wajen fitilar, ya ƙanƙance ido, yana jira. Tari bai zo ba.

"To Malam," in ji manaja, "ka yarda da ita ko ba ka yarda ba?"

Malam ya karkata kunne wajen da na saba tsayawa.

"Yallaɓai, a dakata," in ji Rahila. "Gwajin nan ba zai karɓu a haka ba. Muddin Baba yana ganin fitila, za a ce ya kwaikwayi na'ura, ko ya saɓa mata da gangan. Ƙa'ida ita ce a ɗaure masa ido. Ya faɗi nasa, akawu ya rubuta, na'ura ta faɗi nata daban."

Manaja ya yi dariya. "Ya raba fata ido a rufe? Injiniya, kina son ki ci nasara a ɓagas ke nan."

"Ƙa'ida ce, Yallaɓai. In ba haka ba, ba zan sa hannu a sakamakon ba."

Ta buɗe jakarta ta ɗauko wani baƙin ƙyalle, a ninke, an kalmashe bakinsa da keken ɗinki, har da igiyoyin ɗaurewa. Ba abin da mutum ke tsinta a jaka bisa tsautsayi ba ne. Ta miƙa wa Ɗanladi ya ɗaura wa Malam.

Ɗanladi ya matsa gefe. Malam ya ja fata, ya karkaɗa ta ya saurari ƙararta, ya lanƙwasa wuya, ya bi ciki da babban yatsa, ya kai hanci. "Gida." Ta biyu. "Jirgi." Ta uku ko shinshinawa bai yi ba. "Gida, wuƙar mahauci ta shiga nan." Akawu har yana roƙo a rage gudu. Da, rabin lokacinsa a ɗaga fata sama yake tafiya, yana yi kamar yana duba ta a haske. Ranar kafin shayin manaja ya huce an gama ɗari.

Bayan kwana goma fatu suka fito daga jima. Asabe ta ci saba'in da tara. Malam ya ci casa'in da takwas, kuma har yau yana musun biyun. Manaja ya tara mu ya sanar cewa ya gano sabon tsari na zamani, ido yana ruɗin mai tantancewa, saboda haka daga yau Malam da ƙyalle zai riƙa aiki. Na'ura kuma a kwashe.

Ni da Ɗanladi muka ɗora Asabe a bayan a-kori-kura. Malam ya lalubo har bakin mota.

"'Yata, tun yaushe kika sani?"

"Tun mako na biyu, Baba. Rannan na matsar da fitilar gefen hagu, kuka ci gaba da kallon dama."

"Kin kashe aikinki."

"Ita ta gaza, ba ni na kayar da ita ba. Ni dai ban ga dalilin da za a rasa biyu ba."

Malam ya daɗe yana shafa murfin akwatin. Sannan ya ce, "Shekara uku ina aiki biyu, ina raba fata, ina kuma yin kamar ina gani. Na biyun ne yake gajiyar da ni. Allah ya yi miki albarka."

Gargaɗi da wanke hannu

Na yi maka alkawari akwati zai tafi a bayan mota, kuma ya tafi. Masu cewa ba ko ɗaya daga dabaruna da ya kore shi, hassada ce ke damunsu. Amma ka sani, in ka bi matakan nan aka kama ka, ko matarka ta ware maka kofi, ko aka tura ka hoton ƙirji sau uku kamar ni, ba ruwana. In kuma injiniyan da aka turo muku ba ya ɗinka ƙyalle, wannan tsakaninka da ƙaddararka ne.

Kada kuma ka zo Panshekara nemana in sabuwar ta iso. Kafin motar ta tashi Rahila ta gaya mini cewa a shekarar nan Turawa sun sake tono maganar. Yanzu hawa-hawa suke jera ta, in ta yi kuskure laifin ya riƙa gangarowa daga sama, kowane hawa ya karɓi rabonsa ya miƙa wa na ƙasa da shi, kuma wai irin wannan tana iya gane man gyaɗa. Na ce mata wannan ai ba sabon abu ba ne, haka manaja yake yi wa fomen, fomen ya yi mana. Ta ce in jira dai in gani.

Daga ƙarshe, duk sunayen da ke takardar nan na canza su, kuma in aka tambaye ni zan ce ban iya rubutu ba. Ka karanta ka ninke ka sa a aljihu, kada ka bar ta inda wani manaja zai tsinta. Malam yana nan yana aiki, bakin nan tara suna cin tuwonsu. Manajanmu kuwa kullum da safe shi da kansa yake zuwa ya ja ɗaurin ƙyallen ya ƙara tamke shi, wai don kada tsohon ya yi leƙe.